Kamfanin inshora ya ƙi biya: yaushe ake kai shi ƙarar cin amana?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwanmu da ke tuƙin babbar mota a Hustan, jihar Teksas. Guguwar Beryl ta watan Yulin 2024 ta yaye masa wani sashe na rufin gida, ruwa ya shiga ɗakuna. Kamfanin inshorarsa ya aiko mai duba ɓarna, aka yi ta jan ƙafa, daga baya aka ba shi kuɗin da bai kai rabin abin da masu gyara suka nema ba. Wani abokin aikinsa ya ce ya maka su a kotu kan cin amana, wai a Amurka ninka wa mutum kuɗi ake yi. Yana son sanin ko haka ne, da abin da ya canza a dokar cikin 'yan shekarun nan, da kuma ko akwai irin wannan ƙara a Najeriya, inda ƙaninsa ke da shagon yadi a Kano.

Malam, abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin da ya ba ka ya kwana biyu. Ƙararraki biyu ne a nan, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko ita ce: shin takardar inshorarka ta rufe wannan asara, kuma nawa ne? Wannan rigimar kwangila ce zalla, idan ka ci sai a ba ka abin da tun farko haƙƙinka ne. Ta biyu tana duba halin kamfanin ne: yaya ya riƙe buƙatarka tun daga ranar da ka kira su? Ya yi bincike na gaskiya, ko dalilin ƙin biya ya fita nema? A ƙara ta biyun ce ake samun ƙarin kuɗin da abokinka ya ji labari, kuma ita ce majalisun jihohi da manyan kotuna suke ta rage wa ƙarfi tun kusan 2017. Kamfani zai iya yin kuskure ya ƙi biyanka, kotu ta ce ya biya, amma ta wanke shi daga cin amana, matuƙar akwai dalili mai ma'ana da ya sa ya yi jayayya.

Asalin ƙarar a garinku take, abin da da yawa daga mazauna Hustan ba su sani ba. A 1920 motar wani kamfanin kayan ɗaki mai suna Stowers ta lalace a kan titi da dare, aka bar ta ba fitila, wata mota ta afka mata, wata mata ta ji rauni. Iyakar inshorar Stowers dala 5,000 ce. Matar ta yarda a sasanta a kan dala 4,000, kamfanin inshorar ya ƙi, ya ce a je kotu. Aka je, aka yanke sama da dala 12,000. Kamfanin ya ce nasa 5,000 ne kawai, saura Stowers ya san inda zai samo. A 1929 kotun Teksas ta ce ba za ta saɓu ba: tunda kai ne ka karɓe ragamar shari'ar, kai ke yanke shawarar a sasanta ko kada a sasanta, to ba za ka yi caca da dukiyar wanda ka ɗauki alkawarin karewa ba. Har yau lauyoyin Teksas da sunan Stowers suke kiran wasiƙar da ake aika wa kamfanin inshora ana cewa ga tayin sulhu cikin iyakar kuɗinku, ku karɓa ko ku ɗauki duk abin da ya biyo baya. Wannan ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na direba, ko da ba shi ne ya kawo ka ba.

Kalifoniya ce ta faɗaɗa abin. A shari'ar Rosina Crisci ta 1967, wata dattijuwa ce mai gidan haya, matakalar katako ta karye da 'yar hayarta. Inshorarta dala 10,000. An nemi sulhu a kan 9,000, har dattijuwar ta ce za ta sa 2,500 daga aljihunta, kamfanin ya ƙi. Hukunci ya fito dala 101,000. Ta rasa dukiyarta, lafiyarta ta taɓu, har ta yi yunƙurin kashe kanta. Kotu ta sa kamfanin ya biya rarar 91,000, ta ƙara mata 25,000 na ƙuncin rai. Shekara 6 bayan haka, a shari'ar Gruenberg ta 1973, kotun ta ce wannan haƙƙi bai tsaya ga wanda wani ya kai ƙara ba, har da mai neman diyyar asarar kansa, irin taka. Teksas ta bi sahu a 1987. Dalilin da alƙalai suka bayar shi ne mai sayen inshora kwanciyar hankali yake saya, kuma ranar da zai zo karɓa ita ce ranar da ya fi kowace rauni: gida ya ƙone ko rufi ya tashi, ba shi da ƙarfin jira, kamfanin kuwa jira riba ce a gare shi.

Manyan kuɗin da ake ba da labari diyyar horo ce, wadda ake ɗora wa kamfani don ya ji a jikinsa. Kotun Ƙolin Amurka ta sa mata linzami a 2003, a shari'ar kamfanin inshora na State Farm da Campbell, wani direba da ke da inshorarsa. Hatsarin mota ne a jihar Yuta a 1981, mutum ɗaya ya mutu, ɗaya ya nakasa. Kamfanin ya ƙi sulhu a kan dala 50,000 na iyakar inshora, ya tabbatar wa Campbell da matarsa cewa dukiyarsu ba za ta taɓu ba. Da hukunci ya fito sama da dala 185,000, lauyan da kamfanin ya ba su ya shawarce su su kafa allon sayarwa a gidansu. A ƙarar cin amana, masu taya alƙali hukunci suka yanke diyyar horo dala miliyan 145, alhali diyyar asarar da aka tabbatar daga baya miliyan 1 ce. Kotun Ƙoli ta rushe, ta ce da wuya tsarin mulki ya yarda da diyyar horon da ta kai ninki 10 na ainihin asara, kuma ba a hukunta kamfani a wata jiha saboda abin da ya yi wa wasu mutane dabam a wasu jihohi. Da shari'ar ta koma Yuta, sai aka tsaya a kan miliyan 9 da ɗoriya.

Yanzu ga dokar da ta hau kanka. A Teksas ma'aunin da kotu ke amfani da shi tun shari'ar Giles ta 1997 shi ne: shin kamfanin ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa wajibcin biya ya fito fili, amma ya ƙi ko ya ja lokaci? Bayan wannan akwai babi biyu na dokar inshorar jihar. Babi na 541 ya haramta abubuwa kamar ƙin biya ba tare da bincike mai ma'ana ba, da ɓoye abin da takarda ta ƙunsa, da ƙin bayyana dalilin ƙi. Idan aka tabbatar da gangan kamfanin ya yi, ana iya kai diyya har ninki uku, kuma ina zaton nan ne abokinka ya samo maganarsa. Kalmar "da gangan" ce ke kayar da yawancin masu ƙara. Babi na 542 kuwa na wa'adi ne, kuma shi na fi so, domin ba ya buƙatar ka shiga zuciyar kowa. Kwana 15 kamfani ke da su ya amsa cewa ya sami buƙatarka ya nemi takardun da yake so, kwanakin aiki 15 bayan ya karɓi komai ya ce ya yarda ko ya ƙi, kwanakin aiki 5 bayan ya yarda ya biya. Idan hukuma ta ayyana bala'in yanayi ana ƙara masa kwana 15. Ya wuce wa'adi, kuɗin ruwa ya fara hawa kansa. Kalanda ce shaida.

Canje-canjen da ka tambaya a kai sun zo a jere, kuma kusan duk sun karkata wajen kamfanoni. A 2017 majalisar Teksas ta ƙara babi na 542A musamman don asarar guguwa, ƙanƙara, iska da ruwan sama, bayan kamfanoni sun yi ta kukan yawan ƙararrakin rufin gida. Ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, 'yan kwanaki bayan guguwar Harvey. A da ruwan jinkiri kashi 18 cikin 100 ne a shekara. A irin asararka yanzu an ɗaure shi da farashin ruwa na kasuwa, ya sauka ƙasa da haka. Dole ka aika takardar gargaɗi sama da kwana 60 kafin ka shigar da ƙara, ka faɗi takamaiman kuɗin da kake bin su. Ga tarkon da ke ciki: idan kotu ta ba ka kashi 80 ko fiye na abin da ka rubuta a takardar, kamfanin zai biya kuɗin lauyanka duka, idan abin da ka samu bai kai kashi 20 ba, ba zai biya ko sisi ba, tsakanin nan kuma a yi lissafi gwargwado. Ke nan wanda ya kumbura buƙatarsa don ya tsorata kamfani kansa ya cuta. Babin ya kuma ba kamfani damar cewa ya ɗauki laifin ma'aikacinsa mai duba ɓarna, sai a cire sunan ma'aikacin daga ƙarar. Abin kamar ƙarami ne, amma da zarar an cire mutumin Teksas daga cikin waɗanda ake ƙara, kamfanin da ke da rajista a wata jiha kan iya ɗauke shari'ar zuwa kotun tarayya, inda lauyoyinsa suka fi sakewa.

A 2018 sai Kotun Ƙolin Teksas ta yanke shari'ar wata mai gida, Menchaca, wadda ta samo asali daga guguwar Ike ta 2008. Masu taya alƙali hukunci sun ba da amsoshi biyu masu karo da juna: kamfanin bai saɓa wa takarda ba, amma ya ƙi biya ba tare da bincike mai ma'ana ba, kuma asarar matar dala 11,350 ce. Kotun ta shimfiɗa ƙa'idoji biyar, ta mayar da shari'ar a sake. Abin da za ka riƙe a ciki: in ba ka da haƙƙin kuɗin a ƙarƙashin takardarka, ba za ka same shi ta ƙofar cin amana ba, sai dai in halin kamfanin ne ya sa ka rasa haƙƙin, ko ya jawo maka wata cuta dabam da ba ta da alaƙa da kuɗin inshorar. Cutar ta dabam kuwa kotun da kanta ta ce da wuya a same ta.

Na ƙarshe, kuma mafi ciwo ga masu gidaje, shi ne hukuncin Rodriguez da Safeco na Fabrairun 2024. Kusan kowace takardar inshorar gida tana da sharaɗin 'yan ƙima: in an saɓa kan yawan kuɗi, kai ka zaɓi mai ƙima, kamfani ya zaɓi nasa, a sami na uku mai raba gardama, abin da biyu suka sa wa hannu ya zauna. Kotun ta ce idan kamfanin ya biya abin da 'yan ƙima suka yanke tare da duk ruwan jinkirin da zai iya hawa kansa, to a ƙarƙashin 542A babu sauran kuɗin lauya da za a ɗora masa. A ganina wannan ya buɗe hanya mara kyau: kamfani zai iya ba ka kaɗan, ya bari ka ɗauki lauya ka kashe kuɗi, sannan ya kira 'yan ƙima, ya biya bambancin da ruwa, ya tafi. Wasu alƙalan kotun ma sun nuna damuwa a rubuce, amma suka ce haka majalisa ta rubuta. Sakamakonsa a kasuwa shi ne lauyoyi sun rage karɓar ƙananan ƙararrakin rufi, tunda ladansu daga aljihun mai gida zai fito.

Ba Teksas kaɗai ba ce. Fulorida ta fi kowa yin nisa. Hukumar inshorar jihar ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa ƙasa da kashi 10 na buƙatun inshorar gidaje na Amurka ne ke fitowa daga jihar, amma sama da kashi 75 na ƙararrakin a can ake shigar da su, kuma kamfanoni da dama sun durƙushe a 2022. A Disambar shekarar majalisa ta soke dokar da ke tilasta wa kamfani biyan lauyan mai gida in ya ci shari'a. A Maris 2023 ta ƙara da wata da ta ce sakaci kaɗai bai isa cin amana ba, ta ba kamfani kwana 90 ya miƙa iyakar inshora ya tsira, ta kuma ce shi ma mai neman diyya da lauyansa dole su yi gaskiya, in ba haka ba a rage abin da za a ba su. Kalifoniya da Jojiya sun sa ƙa'ida kan wasiƙun sulhu masu ɗan gajeren wa'adi, domin wasu lauyoyi sun mayar da su tarko: a ba kamfani 'yan kwanaki da sharuɗɗa masu sarƙaƙiya, da fatan ya yi tuntuɓe a buɗe iyakar inshorar. A Kalifoniya tun Janairun 2023 wa'adin ba ya gaza kwana 30. Gaskiya akwai cuwa-cuwa a ɓangaren masu ƙara, ba na musun wannan. Sai dai maganin da aka sha ya kama mai gaskiya da maras ita.

Rigimar annobar korona ta nuna yadda ƙara ta farko ke haɗiye ta biyu. Dubban gidajen abinci da otal-otal sun nemi diyyar rufe kasuwanci, kuma mafi yawan kotunan Amurka suka ce ƙwayar cuta ba ta lalata gini a zahiri, don haka takarda ba ta rufe ba. Da wannan ƙarar cin amana ta mutu tun ba a fara ba. Kotun Ƙolin Karolina ta Arewa na cikin ƙalilan da suka ba 'yan kasuwa gaskiya, a Disambar 2024. A Birtaniya kuwa Kotun Ƙoli ta fi karkata ga 'yan kasuwa a Janairun 2021, saboda takardun da aka gwada suna da sharaɗin cututtuka a fili. Sabon fagen da ake fafatawa yanzu shi ne manhajojin kwamfuta masu yanke wa buƙatu hukunci: tun 2023 ake ƙarar kamfanonin inshorar lafiya Cigna da UnitedHealth kan zargin cewa na'ura ke ƙin biyan kuɗin jinya ba tare da likita ya duba fayil yadda ya kamata ba. Tambayar dai ita ce ta dā, shin an yi bincike na gaskiya?

Kafin ka nemi lauya, ka duba abubuwa uku a takardunka, domin sau da yawa giɓin da mutum ke gani daga nan yake. Na ɗaya, kason da kai za ka ɗauka da kanka a asarar iska. A gaɓar tekun Teksas bisa ɗari ake lissafa shi: gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000 da kashi 2, dala 6,000 ta farko taka ce. Na biyu, ko sun cire kuɗin tsufan rufin. A takardu da yawa ana riƙe wannan ne sai ka gama gyara ka kawo rasit, a wasu kuwa an rubuta cewa tsohon rufi darajarsa ta ranar kawai za a biya. Na uku, ruwan da ya shiga ɗakunan ta sama ya zo ko ta ƙasa? Wanda ya bi ta rufin da iska ta yaye na kamfaninka ne. Wanda ya taso daga titi ambaliya ce, inshorar gida ba ta rufe ta. In kana da inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya, babu ƙarar cin amana a kanta ko kaɗan, kuma shekara 1 kacal kake da ita daga ranar da aka ƙi ka. Haka inshorar lafiya ko ta nakasa da ka samu ta wurin aiki: tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Pilot Life ta 1987 dokar tarayya ta toshe ƙarar cin amana a kansu.

Idan ka cire waɗannan kuma giɓin na nan, to ka nemi cikakken kwafin takardar inshorar da ƙiyasin mai duba ɓarnarsu layi-layi, ka ajiye shi kusa da na mai gyaranka. Abin da ke cin ƙarar cin amana ƙanana ne irin haka: mai dubawa bai hau rufin ba, hotunansa sun nuna ɓarnar da ƙiyasinsa ya tsallake, ka aika rahoton injiniya ba wanda ya amsa, an canza dalilin ƙi sau biyu. Duk abin da kuka yi ta waya ka bi shi da imel a ranar. Kai ƙorafi Ma'aikatar Inshora ta Teksas kyauta ne, kuma yana tilasta wa kamfanin ya amsa a rubuce. Ka kula da lokaci sosai: ƙarar babi na 541 shekara 2 ce, takardu da yawa kuma sun taƙaita ƙarar kwangila zuwa shekara 2 da kwana 1, yawanci daga ranar da suka ƙi ko suka rufe fayil. Ka haɗa da kwana 60 na gargaɗi, za ka ga ba wurin zama. Lauyan da ke da lasisin Teksas ne zai tabbatar maka da ranar, da takardarka a hannunsa.

Batun ƙaninka a Kano dabam ne, domin Najeriya tafarkin Ingila ta gada. A can tun shari'ar Carter da Boehm ta 1766 ake cewa inshora kwangilar amana ce, amma a aikace nauyin amanar kan mai saye ya fi faɗawa: ka ɓoye wani abu, a soke takardarka. A shari'ar Sprung ta shekarun 1990, wani mai ƙaramar masana'anta ya jira sama da shekara 3 kafin a biya shi, sana'arsa ta mutu, kotu ta ce ban da ruwa ba abin da zai samu. Sai a Mayun 2017 dokar Birtaniya ta ba da damar neman diyyar jinkiri, ita ma ta ainihin asara ce, ba ta horo ba. A Najeriya abin da kotu kan bayar shi ne kuɗin inshorar da ruwa da kuɗin shari'a, don haka kada ya sa ran ninki. Ƙarfinsa yana wajen hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora a Najeriya, wadda ke da sashen karɓar ƙorafi, kuma ikonta ya hau kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ma. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an sa hannu a takardar sallama, ko ya rubuto dalilin ƙi, ta kuma hana shi fakewa da saɓa wani sharaɗin da bai shafi asarar ba. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta maye gurbinta, ta ƙara tsanani kan jinkirin biya, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe.

Abin da ke kayar da 'yan kasuwarmu kafin a kai ga halin kamfani abu uku ne. Ba a biya kuɗin inshorar shekara kafin gobara ba, doka kuwa ta ce ba biya, ba kariya. Ko an yi inshorar kayan naira miliyan 10 alhali na miliyan 20 ne a shago, sai a biya rabin asarar kawai bisa sharaɗin da ke cikin takardar. Ko kuma littafin shigar kaya da rasitai sun ƙone tare da yadin. Ka ce masa ya riƙa ɗaukar hoton rasitai da shafukan littafin duk ƙarshen wata yana tura maka ta WhatsApp, kuma ya sabunta adadin inshorar kafin ya cika shago da kayan sallah.